Ƙafafun Rumbun Kakana

Abin da na fara gani da na sauka daga mota a mararrabar Wanke shi ne jajayen ƙyallaye. An ɗaure su a kan gajerun sanduna, an kafa sandunan a jere cikin gonakin da aka riga aka girbe, tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya. Na lura duk ɗaurin iri ɗaya ne, kamar hannu ɗaya ya yi shi, kuma akwai guda da akuya ta tauna rabinsa ta bar sauran yana lilo. Baffa Sale, ƙanen mahaifina, ya zo tarbata da keke. Ya ɗaure jakata a baya, ya ɗora ni a gaba, muka kama hanyar ƙauyenmu. Na so in tambaye shi ƙyallen mene ne, amma a lokacin shekaruna goma sha uku, kuma ni yarinya ce da tambaya ke yi wa nauyi a baki. Shi ne ya ga ina waiwaye ya ce:

"Kar ki taka bayan jan ƙyallen ga, kin ji ko? Mutanen gwamnati ne sunka zo neman ƙarfe. Shekara da shekaru muna noma wurin ga, yanzu sunka tuna."

Ku 'ya'yana kun sha jin ana kirana Kulu mai fasa rumbu idan an taru da Sallah, wasu da dariya, wasu ba da dariya ba. Kun ji an ce na kai ƙarar gidanmu, kun ji an ce sanadina Inna ta bar ɗakin mijinta. Ba zan ce muku duka ƙarya ne ba. Zan dai faɗi yadda abin ya faru, domin ni ce na kwanta a ƙarƙashin rumbun, ba masu ba ku labari ba.

Can yamma da ƙauyenmu akwai wani fili mai faɗi da tudu a ƙarshensa, muna ce masa Tudun Harbi. Tun kafin a haifi Baba, sojoji kan zo da manyan motoci su kafa bindigoginsu na igwa su yi ta harbin tudun don koyo, wani lokaci har jirgi kan zo ya jefa nasa. Da suka daina zuwa, ba wanda ya ce wa kowa komai. Mutane suka jira damina biyu ko uku, suka shiga da fartanya. Kowa ya san garma kan ci karo da ƙarfe a can, kowa kuma ya san labarin wani makiyayi da ya rasa yatsu. Ni da na tashi a Damba, cikin Gusau, inda Baba ke aikin ofis, labarin Tudun Harbi a wurina kamar tatsuniya yake. Hutu kawai ke kai ni ƙauye, kuma abin da ke kai ni shi ne Inna, mahaifiyar Baba. Tsohuwa ce siririya mai kaifin baki, wadda ba ta iya ganin mutum zaune ba ta ba shi aiki ba. Tun rasuwar kakana Malam Bawa take zaune da Baffa Sale da iyalinsa, a ɗakinta na ƙasa da ke jingine da dangar gabas, taku kaɗan daga babban rumbun gidan. Da ta gan ni ranar ta riƙe haɓata ta juya fuskata dama da hagu.

"Ɗiyar birni ta iso. Har yanzu ba a sayo miki baki ba a kasuwar Gusau? Uwarki mi take ba ki, ruwan bunu?"

Na yi murmushi na sunkuyar da kai, ta tura mini kwaryar fura.

Kwana biyu da zuwana, wata mata ta yi sallama a tsakar gida da hantsi. Sanye take da riga mai ruwan bula a kan hijabinta, irin ta ma'aikatan nan masu ƙyallaye. Ta ce sunanta Malama Asiya, ita ce ke shiga gidaje ta yi wa mata bayani tunda mazan ba sa shiga. Aka shimfiɗa mata tabarma. Ta ce aikinsu shi ne su bi filin taku-taku da na'ura, su tono duk abin da aka harba bai tashi ba, su fasa shi, sannan su kwashe ƙasar da gubarsa ta jiƙa. Ta fito da wasu hotuna da aka lulluɓe da leda ta miƙa, suna zagayawa hannu zuwa hannu. Matar Baffa ta duba ta ce wannan kamar taɓarya, aka yi dariya. Ni aka miƙo wa a ƙarshe, don haka na daɗe da su a hannu ba wanda ya ce in miƙa gaba. Na uku shi ya fi tsaya mini a rai. Wani ƙarfe ne mai ƙiba a tsakiya, tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsu, da wutsiya mai fikafikai kamar ta kifi, da wani zobe a wuyansa, da haruffan boko a gefe.

Malama Asiya ta ce, "Inna, abin da muke roƙo shi ne, in akwai wanda aka taɓa ɗaukowa aka kawo gida, a faɗa mana. Ba za a kama kowa ba. Kar dai a taɓa shi, kar a kusantar da wuta."

Inna ta ce, "Mu nan ba mu da ƙarfe sai wuƙar yankan kuɓewa. In ita kuke so, ga ta can."

Aka sake dariya, Malama Asiya ma ta yi. Ta tattara hotunanta ta yi sallama. Amma na ga Inna ta ɗauki faifai ta hau bakacen da ta riga ta gama, kuma ba ta raka baƙuwar zaure ba, alhali ita mai rakiya ce har bakin hanya.

Washegari Baffa ya ce ɓeraye sun dami rumbu, ranar Asabar za a yi musu hayaƙi. Al'adar gidan ce kowace shekara bayan an gama zuba hatsi. Ana tura ƙaiƙayi a ƙarƙashin rumbun, a barbaɗa busasshen barkono, a sa garwashi, ya yi ta ci a hankali yini guda. Rumbu dai kun san ba a ƙasa yake zaune ba, a kan duwatsu ake ɗora shi saboda gara da danshi, sai a sami ɗan sarari a ƙarƙashi inda kaji ke fakewa. Kafin a sa hayaƙin sai an shiga an kwashe ƙwai an share. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce ga wadda Allah Ya yi don wannan aiki, ko muciya ta fi ni kauri. Na cire ɗankwali na ɗaura a ƙugu, na kwanta rub da ciki, na ja jiki na shiga.

Ciki da sanyi da warin kashin kaji da tsohuwar toka. Sai da idona ya saba da duhun na fara ganin ƙafafun rumbun. Na waje, waɗanda kowa ke gani, duwatsu ne. Na tsinci ƙwai biyu, na miƙa hannu zan ɗauki na uku a gindin ƙafar tsakiya, sai bayan hannuna ya gogi wani abu mai kaifi-kaifi. Dutse ba ya yin haka. Na matsa na duba. Fikafikai ne, an kafa su cikin ƙasa, a kansu jikin ƙarfe mai ƙiba ya miƙe sama, an ɗora masa ɗan faffaɗan dutse, katakon gindin rumbun na zaune a kai. Ga zoben a wuya. Na shafa tokar da yatsa, haruffa suka fito, wasu tsatsa ta cinye, wasu kuwa ina iya karanta su sarai kamar a allon aji. Na juya kaina a hankali. Huɗu ne a tsakiyar. Ɗaya ya karkace, kuma daga wata tsaga a gefensa wani abu rawaya ya tsattsafo ya bushe kamar ƙaron bishiya, ƙasar da ke gindinsa ma ta rine. Hancina bai fi tafin hannu ɗaya daga gare shi ba. A samana kuma abincin gidan ne na shekara guda, dami a kan dami har wuya.

Ban san yadda na fito ba. Na dai san ƙwan guda ya fashe a hannuna ban ji ba. Inna na zaune tana tsinke zogale, na durƙusa gabanta.

"Mi kika gani? Maciji?"

Na girgiza kai. Da kyar na ce, "Inna, na hoton ne. Na uku."

Ta ajiye zogalen. Ta dubi ƙofar zaure, ta dube ni, ta rage murya.

"Matattu ne. Ke kina ganin Malam mahaukaci ne da zai ɗora abincin ɗiyanshi bisa abu mai rai? Mafarauci ne, ya san albarushi tun ba a haifi ubanki ba. Albarushi in ya sha ruwa ya mutu, ko yaro ya san wanga. Damina guda cur sunka yi cikin kududdufi, shi da kanshi ya nutsa su, ya ɗaure da igiya. Sai da kaka ta yi ya fiddo su. Dutse a nan sai an tahi bayan rafi, ga shi ƙafarshi ta lalace shekarar nan. Kuma gara ba ta hawan su. Kin taɓa ganin gara a rumbun ga?"

Ban taɓa gani ba. Wannan shi ne abin da ya fi rikita ni. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne a yadda ta san shi, kuma kakana mutum ne da har yau ban ji wanda ya kira shi da wauta ba. Baffa ya shigo ana cikin maganar, ya ji ƙarshenta. Bai yi tsawa ba. Ya tsuguna daidai tsayina ya ce in dube shi, abin da ban taɓa iyawa ba.

"Kulu, a ƙarƙashin rumbun ga ni da ubanki munka yi wasa. Kowace shekara ana sa hayaƙi, ba abin da ya taɓa faruwa. Mutanen ga in sunka ji, ba ɗauka za su yi ba, fasawa suke yi inda sunka tarar. Kin ji ƙarar da ake yi a Tudu kullum da azahar? Haka za su yi a tsakar gidan ga. Ke hutu kika zo, ki koma Gusau ki ci shinkafa. Mu mi za mu ci? Maganar gida ta tsaya gida."

Na ce to. Wallahi da zuciya ɗaya na ce to, don ban taɓa ce wa babba a'a ba.

Alhamis ce ranar. Na yi yini biyu ina kallon rumbun. Na ga matar Baffa ta jingina taɓarya a jikinsa. Na ga Baffa ya kafa tsani ya hau, ya ɗaga jinka ya jefo dami, rumbun ya ɗan yi wata ƙara da na tabbata ya saba yi, amma ni ban taɓa saurara ba sai ranar. Na ga 'yar autar Baffa, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta bi kaza har ta cusa kanta a ƙarƙashi, ta fito tana tsotsar yatsa. Da azahar kuma sai ƙarar ta taso daga Tudu, ƙasa ta amsa a tafin ƙafata, kwanukan Inna suka yi kacau a kan juna. Daga Tudu zuwa gidanmu tafiyar kusan rabin awa ce. Na tsaya ina lissafin cewa abin da ke motsa kwano daga can, irinsa huɗu ne ke taku goma daga inda Inna ke shimfiɗa buzunta. Ranar Juma'a da la'asar Baffa ya kawo buhun ƙaiƙayi ya jingine a gindin rumbun, Inna ta ba ni barkono ta ce in daka na gobe.

Na daka. Na juye a ƙoƙo na rufe. Sannan na shiga ɗaki na ciro littafin lissafina daga jaka, na yage takardar tsakiya, na zana abin da na gani: fikafikan a ƙasa, zoben, dutsen da ke kai, guda huɗu, ɗaya a karkace. Na rubuta haruffan da na iya tunawa. Ba ni da fensir mai launi, sai na ja kibiya na rubuta "rawaya". Na ninke na soke a ɗankwali, na ɗauki tulu na ce zan je rijiya.

Ma'aikatan sun kafa rumfarsu a gindin tsamiyar bakin gari. Na wuce ta sau biyu da tulu a kai. A na uku Malama Asiya ta gane ni ta yafito ni.

"Ke ba jikar Inna mai wuƙar kuɓewa ba ce? Zo mana. Lafiya?"

Na tsaya gabanta ina kallon takalminta, wanda igiyarsa guda ta tsinke an ƙulla. Sai na ciro takardar na miƙa. Ta buɗe tana murmushi, ina kallon murmushin yana barin fuskarta. Ta kira shugabansu, wani dattijo mai furfura a gemu da aka ce tsohon soja ne. Ya duba takardar ya daɗe. Ya sa yatsa a kan kalmar da na rubuta.

"Yarinya, wannan rawayan, da idonki kika gan shi?"

Na ɗaga kai.

"A ina?"

Na ce, "Ƙarƙashin rumbu. Gobe za a sa wuta."

Ya ce, "Wuta?"

Malama Asiya ta dafa ƙirji ta ce innalillahi. Shi kuwa ya cire hularsa ya mayar, ya aika a kira mai gari.

Kafin rana ta faɗi an fitar da mu, mu da gidaje shida na kewaye. Dattijon shi kaɗai ya shiga, ya kwanta a inda na kwanta da tocila a hannu, ya fito yana ja da baya a hankali kamar mai gudun tada jariri. A ƙofar gida, gaban mai gari da duk wanda ke da ƙafar zuwa, Baffa ya tare shi. Ya ce a ba shi safiya ɗaya kawai, shi da maƙwabta su kwashe hatsin, sannan a yi abin da za a yi. Dattijon ya ce ba wanda zai hau. Ya ce guda ya tsage, abin cikinsa ya fito, kuma nauyin da ke kansa ne ya riƙe shi yadda yake, in nauyin ya motsa ba wanda ya san abin da zai biyo baya. Wani ya ce a huda gefen rumbun daga nesa da dogon gora hatsin ya zubo, aka tuna masa gero ne a dami, ba tsaba ba, ba zai zubo ba.

Baffa ya ce, "Jiya-jiya na hau shi! Kowa ya gan ni!"

Dattijon ya ce, "Jiya ban sani ba, Malam. Yau na sani. In ka hau ya tashi, ni na bar ka ka hau."

Inna ta matso da sandarta ta yi masa bayanin kududdufi, da damina guda, da igiya, kamar yadda ta yi mini. Ya saurara har ta gama, bai katse ta ba. Ya ce, "Inna, Allah Ya jiƙan Malam. Da albarushi ne, da ya yi daidai. Wannan ba albarushi ba ne. Ruwa ba ya kashe shi, tsufa ma ƙara masa fushi yake yi."

Sai wani daga cikin taron ya tambaya wa ya faɗa. Malama Asiya ba ta dube ni ba, Allah Ya saka mata. Amma tulun na nan a kaina, babu ko ɗigon ruwa a ciki, kuma Baffa ya gani.

An bar mata su shiga bibbiyu su ɗauko abin da hannu zai iya, ba gudu, ba jan kaya a ƙasa. Muka kwana a makarantar firamare. Da safe ma'aikatan suka yi ta jera buhunan yashi kewaye da rumbun har suka kai ƙirji, suka ja wata doguwar waya zuwa bayan masallaci. Aka tara mu duka a can gefen rafi, aka ce mu zauna a ƙasa mu buɗe baki. Daga inda nake ina hango jinkar rumbun ta saman danga, da wata kurciya a kanta. Aka busa usur sau uku. Kurciyar ta tashi a na biyu.

Na sha jin ƙarar daga Tudu, na ɗauka na san ta. Ban san ta ba. Ba a kunne na ji ta ba, a haƙora na ji ta da cikin ciki. Jinkar ta yi sama ɗungurungum tana juyawa, ta tarwatse. Wani baƙin hayaƙi ya miƙe ya fi tsamiya tsawo. Sannan aka yi shiru, jarirai ma ba su fara kuka ba tukuna, sai muka ji wani abu kamar yayyafi a kan ganyaye. Gero ne. Yana sauka a kanmu, a kan ɗankwalinmu, a cikin rafi, wani a ƙone wani fari tas. Na ga tsaba uku a bayan hannun Inna, ba ta kaɗe su ba. Wata tsohuwa a bayanmu ta fara salati da ƙarfi, sauran suka ɗauka. Matar Baffa ta janyo 'yar autarta ta matse ta har yarinyar ta yi ƙara. Baffa na tsaye, shi kaɗai bai zauna ba, bakinsa a buɗe.

Da aka bar mu muka koma, inda rumbun yake rami ne da zai haɗiye mutum a tsaye. Buhunan yashin sun yage. Bangon ɗakin Inna na wajen rumbun ya rufta ciki, ya danne gadonta. Ta tsaya a bakin ramin ta daɗe. Na zaci za ta yi kuka, ko ta juyo kaina. Abin da ta ce, ba da kowa take ba:

"Nan nike zama in sa garwashi. Da hannuna. Ɗiyan na kewaye da ni."

Ta zauna a ƙasa a wurin, sai da aka ɗaga ta.

Kwanakin da suka biyo baya, ma'aikatan suka kankare ƙasar tsakar gidan har zurfin gwiwa, suka loda a mota suka tafi da ita, suka kawo sabuwa. Geron da ya warwatsu suka ce kar a tsince, kar a bar kaji su ci, aka share aka haɗa da ƙasar. Ganin ana share hatsi da shebur ya sa maza da yawa suka juya baya. Abin da ba a cika faɗa muku ba shi ne, kafin mako ya cika gidaje uku sun je gindin tsamiya da ƙafarsu. Wani da irin ƙarfen yake danne zanar rufin ɗakinsa, wata kuwa a kansa take fasa ƙwallon goriba. Ba wanda ya ce sun kai ƙarar gidajensu. Ni ce dai ta farko, sunan ya tsaya a kaina.

Baba ya zo daga Gusau da buhunan dawa a bayan mota. Dangin matar Baffa suka aiko da nasu daga Bungudu. An rubuta sunan Baffa a takarda aka ce za a duba asararsa, abin da ya zo daga baya na diyya kuwa bai kai mu damina ba. A shekarar nan Baffa, mutumin da bai taɓa auna hatsi a kasuwa ba, ya sayar da shanun nomansa, ya yi ƙwadago a gonar wasu. Goggo, 'yar'uwar Baba, ta zo daga Tsafe ta tafi da Inna, wai sai an gyara ɗaki. An gyara ɗakin, Inna ba ta dawo ba. A Tsafe ta yi sauran shekarunta, a can aka binne ta, nesa da Malam Bawa. Wannan yana cikin abin da takardata ta jawo, kuma ba na so ku cire shi idan kuna ba wa naku 'ya'yan labari. Ranar da za ta shiga mota na riƙe mata ƙullin kayanta. Ta karɓa, ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta gyara mini ɗankwali kawai ta shiga. Har yau ban san me ta so faɗa ba.

Baba ya ce in shirya mu koma Damba tare, na ce ina so in ƙarasa hutuna. Ya yi mamaki, ya bar ni. Baffa bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. In na gaishe shi ya amsa, idonsa na wani wuri. In na kai masa ruwan alwala ya ce a ajiye. Kwana tara muna haka.

A na goma na fito da safe na tarar da shi a tsakar gida, a kan sabuwar ƙasar da ba ta san ƙafar kowa ba. Ya kafa turke, ya ɗaura igiya, yana zagayawa yana zana da'irar sabon rumbu da tsinke, ko da yake babu abin da zai zuba a ciki sai wata kakar. Ya gama, ya tsaya yana duban da'irar. Ya yi alama tara a cikinta da diddige, wuraren da ƙafafu za su zauna. Babu dutse ko ɗaya a gidan, na da sun tafi da rumbun. Sai an je bayan rafi, kuma jakin gidan ma an kai shi Bungudu aro saboda babu abin ba shi.

Na koma ɗaki na naɗe tsohon zanen Inna na yi gammo. Na fito na tsaya a bayansa. Wannan karon ba ni da takarda. Na zagaya gabansa, na durƙusa a bakin da'irar, na ɗaga kai na dube shi a ido, karo na farko a rayuwata.

Na ce, "Baffa, don Allah ka nuna mini inda ake samo duwatsun. Ka bar ni in ɗauko na tsakiyar."